Tom Robinson Da 'Yan Uwansa Na Zahiri: Tarihin Da Ke Bayan Littafin To Kill a Mockingbird

Gabatarwa

Duk ɗalibin adabin da ya karanta littafin To Kill a Mockingbird na Harper Lee, idan ka tambaye shi wanda ya fi burge shi cikin taurarin littafin, da wuya ya ambaci wani in ba Atticus Finch ba, wato lauyan nan farar fata da ya tsaya wa baƙar fata a gaban shari'a alhali kusan duk garin na zaginsa. Amma idan ka sake tambayar ɗalibin nan sunan matar Tom Robinson, ko yawan 'ya'yansa, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Ga shi kuwa Tom aka yi wa ƙazafi, shi aka ɗaure, shi kuma aka kashe.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi sawun tarihin da ya haifi littafin, mu ga mutanen zahiri da suka sha irin abin da Tom ya sha, sannan mu auna taurarin littafin da wannan ma'auni, domin mu ga abin da marubuciyar ta faɗa da abin da ta yi shiru a kai.

Littafin A Taƙaice

An haifi Harper Lee a 1926 a garin Monroeville na jihar Alabama, a kudancin Amurka, ta kuma mutu a wannan gari a 2016. Littafin ya fito a watan Yuli na 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961, aka mayar da shi fim a 1962, inda Gregory Peck ya fito a matsayin Atticus. Kwafin da aka sayar sun haura miliyan 30.

Labarin ya faru ne tsakanin 1933 da 1935 a wani ƙagaggen gari mai suna Maycomb, kuma daga bakin wata yarinya, Scout, 'yar Atticus, muke jin sa. An zargi Tom Robinson, magidanci mai shekara 25 da mata Helen da 'ya'ya uku, da yi wa wata budurwa farar fata, Mayella Ewell, fyaɗe. A kotu Atticus ya nuna cewa raunin da ke fuskar Mayella a ɓangaren dama yake, wanda ke nuna bahago ne ya doke ta, ga shi kuwa hannun hagun Tom ya shanye tun yana yaro, lokacin da injin gurzar auduga ya kama shi. Bahagon da ke cikin kotun shi ne uban yarinyar, Bob Ewell. Ko likita ba a kira ya duba ta ba. Duk da haka aka ce Tom na da laifi, daga baya kuma masu gadin kurkuku suka harbe shi da harsashi 17 da sunan ya yi yunƙurin gudu.

Ƙasar Da Labarin Ya Tsiro

An soke bauta a Amurka a 1865, sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Jihohin kudu suka shimfiɗa dokokin wariyar launin fata da ake kira Jim Crow, waɗanda suka raba makarantu da taragon jirgin ƙasa da asibitoci har da maƙabartu. A 1896 Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta wannan rabo. A 1901 jihar Alabama ta yi sabon tsarin mulki wanda ya sa harajin jefa ƙuri'a da jarrabawar karatu, da nufin hana baƙar fata zaɓe.

A tsarin shari'ar Amurka, ba alƙali ke cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Wasu mutum 12 ake ɗaukowa daga cikin jama'a, waɗanda ake kira juri, su saurari shaidu su yanke. A Alabama ta wancan zamani waɗannan mutane maza ne farar fata zalla, domin ko matan Turawa ba su sami damar zama a juri ba sai a 1966. Bayan kotu kuma akwai hukuncin 'yan ɗaukar doka a hannu. Cibiyar Tuskegee da ke Alabama ta ƙirga baƙar fata 3,446 da gungun mutane suka kashe ba tare da shari'a ba tsakanin 1882 da 1968. Saboda haka daren nan da Atticus ya zauna a ƙofar gidan yari yana tare masu son fito da Tom su kashe, ba ƙirƙira ce ta marubuciya kurum ba.

Samarin Scottsboro

A ranar 25 ga Maris, 1931, aka tsayar da wani jirgin ƙasa na ɗaukar kaya a Paint Rock, aka kama samari tara baƙar fata, babbansu bai wuce shekara 19 ba. Wasu mata biyu farar fata da ke cikin jirgin, Victoria Price da Ruby Bates, suka ce samarin sun yi musu fyaɗe. Cikin makonni kaɗan kotun garin Scottsboro ta yanke wa takwas hukuncin kisa.

Sau biyu maganar na zuwa Kotun Ƙoli. A 1932 ta rushe hukuncin saboda ba a ba su lauyan kirki ba. A 1935 ta sake rushe shi saboda an hana baƙar fata shiga juri da gangan. Tsakanin nan, a 1933, Ruby Bates ta tsaya a kotu ta ce ƙarya suka yi, babu wanda ya taɓa su, amma duk da haka juri ya sake yanke wa ɗaya daga cikin samarin, Haywood Patterson, hukuncin kisa. Alƙalin da ya saurari ƙarar, James Horton, ya duba shaidar likita ya ga ba ta goyi bayan zargin ba, sai ya soke hukuncin. Da zaɓen 1934 ya zo, jama'a suka kayar da shi daga kujerarsa.

A 1937 aka saki huɗu daga cikinsu bayan shekara shida a tsare. Na ƙarshe bai fita ba sai 1950. Clarence Norris ya sami afuwa a 1976, sauran ukun da laifin ke kansu kuwa sai a 2013 aka wanke su, dukansu suna kabari. Harper Lee na gab da cika shekara biyar lokacin da aka fara wannan shari'a, kuma da labarinta ta girma.

Abin Da Ya Faru A Ƙofar Gida

Akwai shari'o'i biyu da suka fi Scottsboro kusa da marubuciyar. Mahaifinta, Amasa Coleman Lee, lauya ne, ɗan majalisar jiha, kuma editan jaridar garin, Monroe Journal. A 1919 aka ba shi aikin kare wasu baƙar fata biyu, uba da ɗa, da aka zarga da kashe wani mai kanti farar fata. Ya faɗi shari'ar, aka rataye su, daga nan bai sake karɓar shari'ar manyan laifuka ba.

Ta biyu ita ce ta Walter Lett, wanda wata farar mace ta zarga da fyaɗe kusa da Monroeville a ƙarshen 1933. A 1934 aka yanke masa hukuncin kisa. Wasu manyan garin da ba su gamsu ba suka rubuta wa gwamna, ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Sai dai kafin nan zaman jiran mutuwa ya riga ya taɓa masa hankali, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, inda tarin fuka ya kashe shi a 1937. Mai karatu zai lura cewa shekarun sun yi daidai da na labarin Maycomb.

Lokacin rubuta littafin ma ƙasar a hargitse take. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu. A Agustan 1955 aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a jihar Misisifi, bisa zargin ya yi wa wata farar mace rashin kunya, juri na farar fata ya sallami makasansa bayan shawarar da ba ta fi ta sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba, su kuma suka amsa laifin a wata mujalla a 1956. A Disambar 1955 Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a Montgomery, babban birnin Alabama. Ke nan marubuciyar ta rubuta labarin shekarun 1930 ne ga masu karatun da ke tsakiyar gwagwarmayar shekarun 1950.

Taurarin Littafin A Ma'aunin Tarihi

Idan muka ɗora Atticus a kan wannan tarihi za mu ga jaruntakarsa gaskiya ce, domin abin da ya sami alƙali Horton ya nuna irin farashin da ake biya. Amma a 1992 wani malamin shari'a, Monroe Freedman, ya ja hankalin masu karatu ga abin da suka daɗe suna tsallakewa: Atticus bai nemi shari'ar da kansa ba, alƙali ne ya ɗora masa, kuma ya yi shekaru a majalisar jiha ba a ga ya ƙalubalanci dokokin wariya ba. Shi mutum ne mai son a yi adalci a cikin tsarin, ba mai neman a rushe tsarin ba.

A 2015 aka buga Go Set a Watchman, wanda shi ne rubutun farko da Harper Lee ta miƙa wa kamfanin ɗab'i a 1957. A cikinsa Scout ta dawo daga Niyok tana da shekara 26, ta tarar da mahaifinta yana halartar taron masu adawa da haɗa makarantu. A cikinsa kuma an ambaci shari'ar fyaɗen a gurguje, kuma wanda ake zargi ya kuɓuta. Editarta, Tay Hohoff, ita ta ba ta shawarar komawa zamanin ƙuruciyar Scout, aka shafe sama da shekara biyu ana gyara. A wajen gyaran nan ne uban ya zama gwarzo, wanda ake zargi kuma ya mutu.

Tom kuwa a kotu kaɗai muke jin muryarsa sosai, yana amsa tambayoyi cikin ladabi. Abin da ya fi fusata masu sauraro shi ne da ya ce tausayin Mayella ne ya sa yake taimaka mata da aikin gida, domin a wajensu baƙar fata ba shi da matsayin da zai tausaya wa fari. Wannan wuri na daga cikin mafi ƙarfi a littafin. Amma ba mu shiga ɗakin da aka kulle shi ba, ba mu san abin da ya raya a zuciyarsa daren da aka yanke hukunci ba, mutuwarsa ma a bakin wasu muka ji ta. An yi shi marar aibu ko kaɗan, tamkar tsuntsun nan mai daɗin kuka marar cutarwa da aka sa wa littafin sunansa. Samarin Scottsboro ba haka suke ba. Talakawa ne masu hawan jirgin kaya ba tikiti suna neman aiki, masu fushi da faɗa kamar kowa, kuma zaluncin da aka yi musu bai ragu da komai ba saboda haka.

Calpurnia, mai dafa wa gidan Atticus abinci, ita ta koya wa Scout rubutu. Ranar da ta kai yaran cocinsu ne Scout ta gano cewa matar nan na da wata rayuwa da wani harshe da ba ta sani ba. Marubuciyar ta buɗe wannan ƙofa kaɗan ta rufe. Mayella ita ma abin dubawa ce: 'yar shekara 19, mai renon ƙanne bakwai a gefen juji, wadda uba ke duka, kuma babu abin da ta mallaka sai farin fata, da shi ta sayi kuɓutarta da ran wani.

Bayan Littafin

A Nuwambar 1986 aka kashe wata budurwa farar fata mai shekara 18 a wani shagon wanki a Monroeville. Aka kama wani baƙar fata, Walter McMillian, duk da cewa mutane da yawa sun shaida yana gidansa ana taron suyar kifi a lokacin. A 1988, bayan shari'ar kwana ɗaya da rabi, juri mai farar fata 11 da baƙi ɗaya ya ce yana da laifi, ya nemi a yi masa ɗaurin rai da rai, alƙali ya mayar da shi hukuncin kisa. Wani matashin lauya baƙar fata, Bryan Stevenson, shi ya tono cewa babban mai shaidar ƙarya ya yi, aka saki McMillian a 1993 bayan shekara shida yana jiran mutuwa. Yana tsare ne mutanen garin suka fara shirya wasan kwaikwayon littafin a tsohuwar kotunsu, suna alfahari da Atticus.

Kammalawa

Babu shakka Harper Lee ta yi aikin da ya sa miliyoyin farar fata suka kalli zaluncin da ke gabansu, kuma dabarar sa labarin a bakin yarinya ce ta sa suka iya haɗiye shi. Sai dai wannan dabara ita ce kuma ta hana mu shiga gidan Helen Robinson mu zauna, domin Scout ba za ta faɗi abin da ba ta gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da ke son jin labarin daga bakin mai ɗaki sai ya haɗa da Native Son na Richard Wright, na 1940, da A Lesson Before Dying na Ernest Gaines, na 1993, waɗanda duka suka shiga da mai karatu cikin ɗakin wanda ke jiran hukuncin kisa.

Mu kuma da ke riƙe da alƙalami, duk lokacin da za mu rubuta labarin wanda aka zalunta, ya kamata mu fara tambayar kanmu a bakin wa za mu sa labarin, kuma shafi nawa muka ba mai ceto, nawa muka ba wanda ake son ceta.