Mene ne ƙwace dukiyar mutum bisa ikon doka?

Ƙwace dukiya bisa ikon doka shi ne hukuma ta karɓe fili, gida ko kuɗin mutum ba da yardarsa ba, amma bisa wani tanadi da doka ta yi. A Najeriya hakan na zuwa ta hanyoyi biyu, kuma kowace tana da ƙa'idojinta.

Hanya ta farko ita ce karɓar kadara domin amfanin jama'a, kamar shimfiɗa hanya ko gina asibiti. Sashe na 43 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar kadara a ko'ina cikin Najeriya. Sashe na 44 kuma ya hana karɓe ta da ƙarfi, sai dai bisa dokar da ta tanadi biyan diyya ba tare da jinkiri ba, tare da bai wa mai ita damar zuwa kotu.

A kan filaye, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallakar mutum idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, da sharaɗin a miƙa wa mai filin sanarwa a rubuce. Sai dai diyyar da sashe na 29 ya tanada ta shafi abin da aka yi a kan filin ne, wato gine-gine da amfanin gona, ba darajar filin a kasuwa ba. Wannan ne tushen yawancin ƙorafin manoma, musamman waɗanda gonarsu ba ta da gini.

Hanya ta biyu ita ce ƙwace dukiyar da ake zargin an same ta ta haramtacciyar hanya. A nan babu diyya. Hukumomi irin su EFCC kan nemi kotu ta fara ba da umarnin wucin gadi, a wallafa shi a jarida, domin duk mai iƙirarin dukiyar ya zo ya kawo hujjar halaccinta. Idan ya kasa, kotu ta mallaka wa gwamnati ita har abada, ko da ba a yanke wa kowa hukuncin laifi ba. Ta haka ne a watan Disamba na 2024 wata babbar kotu a Abuja ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya rukunin gidaje 753 da ke Lokogoma.

A duk hanyoyin biyu, kotu na da ikon soke matakin idan ba a bi ƙa'ida ba. Saboda haka wanda aka taɓa wa kadara ya adana takardun mallakarsa da sanarwar da aka ba shi, ya kuma nemi lauya da wuri, domin doka ta ƙayyade lokacin shigar da ƙara.