Adireshin Intanet da Yadda Ya Samo Asali

Ya kai mai karatu, ka tuna lokacin da ɗan cirani ke aiko wasiƙa daga Kano zuwa Safo? A bayanta ana rubuta suna, da gari, da wanda zai karɓa a Maraɗi. In adireshi ya ɓata, saƙo ya ɓata. To, intanet da ke cikin wayarka ma da adireshi take aiki. Ga tarihinsa.

A shekarar 1969 aka fara haɗa kwamfutoci a Amurka, guda huɗu kawai. Kowace tana da lambarta, gama na'ura lamba ta sani. Mutum kuwa suna ya fi riƙewa. Sai aka buɗe rajista guda. Wata mata, Elizabeth Feinler, da abokan aikinta ke rubuta kowane suna da lambarsa. Da kwamfutoci suka yi yawa, rajista guda ta kasa.

A 1983 wani masani, Paul Mockapetris, ya kawo dabara, aka rarraba rajistar. Ka san baƙo in ya zo neman gida, sarki kan tura shi wurin mai gari, mai gari ya nuna masa ƙofa. Haka wayarka ke yi. Ka rubuta suna, ta bi tana tambaya, kafin ƙiftawar ido an ba ta lambar.

Daga nan ƙasashe suka riƙa samun haruffa biyu na ƙarshen suna. Nijeriya ta samu .ng a 1995, Nijar ta samu .ne a 1996.

To, in mai adireshi ya tashi fa? In mutumin Safo ya koma Madarunfa, yakan bar sallahu: wanda ya zo nemana, a tura shi can. A intanet ma ana barin sallahu. Dandalin Twitter ya sake suna zuwa X a 2023. Daga 2024, in ka rubuta twitter.com, sai a kai ka x.com.

Amma fa ɓarayi sun koyi wannan hanya. Sukan turo saƙo cewa ka ci kyauta ko ana rabon tallafi, danna nan. Kana dannawa, a zarce da kai wani shafi mai kama da na gaskiya, a nemi lambar sirrin kuɗinka. Kuɗin gero ko na tunkiya su tafi.

Nan ne karatunka zai cece ka. Duba saman shafin, ka karanta adireshin inda aka kai ka, harafi bayan harafi. In ya saɓa da wanda ka sani, fita. Kada ka ba kowa lambar sirrinka. In abin ya shige maka duhu, tambayi malaminku na yaƙi da jahilci. Matambayi ba ya ɓata.