MATAR MAMACI DA YARON SHAGO: TARIHIN WANI KAMFANIN LITTATTAFAI A ƘASAR JAMUS

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tarihi ne, kuma abin da ya jawo shi wani abu ne da ya same ni. Wata baiwar Allah ce ta aiko tana neman littafina na uku, na duba gida ban samu ko kwafi ɗaya ba, na zaga wajen masu sarin littattafai babu. Da na nufi maɗaba'ar da ta buga mini shi sai na tarar an mayar da wurin shagon sayar da kayan masarufi. Ashe tun da mai wurin ya rasu, Allah Ya jiƙansa, magada suka sayar da injina aka raba kuɗin, farantan ɗab'in kuwa masu sayen tsofaffin ƙarafa suka kwashe a kan kilo. Littafin da bai cika shekara ashirin ba ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Wannan ne ya sa na shiga tambayar kaina, shin ya ake yi a wasu ƙasashe kamfanin littattafai yake binne mai shi, ya binne 'ya'yansa da jikokinsa, shi kuwa yana nan da ransa? A cikin wannan neman na ci karo da kamfanin Vandenhoeck & Ruprecht na garin Gotingen a ƙasar Jamus, wanda aka kafa a shekarar 1735. Don mai karatu ya gane nisan lokacin, kamfanin ya girmi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da shekara 19.

JAMI'A NA NEMAN MAI BUGA LITTAFI

A wancan zamani babu wata ƙasa guda mai suna Jamus, ƙananan masarautu ne barkatai, kowacce da sarkinta da dokarta. Gotingen ƙaramin gari ne a ƙarƙashin masarautar Hanoba, kuma sarkin Hanoba na lokacin shi ne dai Sarki George na Biyu na Ingila, mutum ɗaya da rawani biyu. Da sunansa aka kafa jami'a a garin, aka fara karatu a 1734, aka yi bikin buɗewa a 1737. Wanda ya tsaya a kan aikin wani minista ne mai suna Gerlach Adolph von Münchhausen. Shi wannan minista ya fahimci cewa gini da kujeru ba su ne jami'a ba, dole malamai su samu inda za a buga abin da suka rubuta, ɗalibai kuma su samu inda za su saya. Har ma aka ba malaman jami'ar 'yancin buga rubutunsu ba tare da an kai shi wajen masu tacewa ba, abin da ba kasafai ake samu ba a lokacin.

Sai aka kira Abraham Vandenhoeck, a baki ana cewa Fandenhuk. Mutumin ƙasar Holan ne, an haife shi a birnin Hague a 1700, ya yi sana'ar littattafai a Landan, daga nan ya koma Hambug. A watan Fabrairun 1735 aka ba shi iznin zama mai buga littattafai da sayar da su ga sabuwar jami'a. Ya zo da matarsa Anna, 'yar Ingila haifaffiyar Landan. Ka ga ke nan baƙi biyu ne suka sauka a garin da ba nasu ba.

Babban marubucin da ya samu a farko shi ne Albrecht von Haller, likita ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya koyar a Gotingen daga 1736 zuwa 1753. A wajen Vandenhoeck aka buga littafinsa na yadda gaɓoɓin jikin ɗan Adam suke aiki a 1747, da kuma manyan zane-zanensa na sassan jiki, waɗanda sai an sassaƙa kowanne a kan farantin tagulla kafin a buga.

Kada mai karatu ya ɗauka sana'ar tana da sauƙi. Littafi a lokacin ba a ɗinke ake sayar da shi ba, takardu ne warwatse, ana zuba su a ganga a ɗora wa keken doki zuwa kasuwar baje koli ta Leipzig, wanda ya saya shi zai kai wa mai ɗinki. A can kasuwar kuma yawanci musaya ake yi, ka ba ni takardunka in ba ka nawa, kuɗi a hannu kaɗan ne. Ga kuma masu satar fasaha. Da yake kowace masarauta dokarta daban, mutum zai sayi littafinka ya tsallaka iyaka ya sake buga shi da araha, babu abin da ka isa ka yi masa. Mu da muka sha ganin littattafanmu a kasuwa da bangon da ba mu san shi ba, mun san zafin wannan.

MUTUWA TA ZO

A 1750 Abraham ya rasu yana da shekara 50, shekara 15 kacal da kafa kamfanin. Ba su haihu ba. A nan ne ya kamata labarin ya ƙare kamar yadda na mai maɗaba'ata ya ƙare. Matar tana da kimanin shekara 41, baƙuwa ce, babu abin da zai hana ta sayar da komai ta koma garinsu.

Amma Anna ba ta tafi ba. Ta zauna a shagon ta riƙe shi har shekara 37. Duk wanda ya buɗe littattafan da suka fito daga gidan a waɗannan shekaru zai ga an rubuta a shafin farko, da Jamusanci ko Latin, cewa an buga ne a gidan matar marigayi Vandenhoeck. Wato ba ta goge sunan mijin ba, ba ta kuma ɓoye cewa ita ke riƙe da ragamar ba.

Ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Shekara biyu kafin rasuwar maigidan, a 1748, an kawo wani yaro ɗan shekara 18 koyon sana'a, sunansa Carl Friedrich Günther Ruprecht. Lokacin da aka yi rasuwar shekararsa 20. Uwar ɗakinsa ta jawo shi a jiki, ta sakar masa harkar, har ya zama shi ne manaja. A hannun su biyun ne kamfanin ya yi ƙarfi. Suka buga littattafan Johann Stephan Pütter, babban malamin shari'a, da na Johann David Michaelis, masanin harsunan Gabas irin su Ibrananci da Larabci. Shi Pütter har tarihin jami'ar da malamanta ya rubuta a 1765, kuma tun daga nan gidan yake haɗa abu biyu, littattafan ilmi mai zurfi da kuma na tarihin garinsu.

Ba su kaɗai ba ne a kasuwa. Wani mai suna Johann Christian Dieterich ya buɗe nasa kamfanin a garin, ya janye mawaƙa da masu rubutun nishaɗi. Gidan Anna ya fi karkata ga littattafan malamai, irin waɗanda ba sa tashi a sati ɗaya amma kowace shekara sai sabbin ɗalibai sun zo nema. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani abin da ya ƙara fito da sunan gidan shi ne mujallar malamin tarihi August Ludwig Schlözer mai suna Stats-Anzeigen, wadda ta fara fita a 1782. Mutane daga masarautu daban-daban suna aiko masa da labarin zaluncin sarakuna da ma'aikatansu, shi kuma yana bugawa. Kwafin da ake bugawa ya kai ga haura 4,000, adadi mai yawa a wancan lokaci. Masu mulki suka yi ta ƙorafi har aka hana ta fita a 1793.

WASIYYA

Anna ta rasu a 1787. A cikin wasiyyarta ta bar wa cocinta da asusun tallafa wa matan malaman jami'a da mazajensu suka mutu wani kaso na dukiyarta, kamfanin kuwa ya koma hannun Ruprecht. Yaron da ya shigo yana ɗan 18 ya zama mai gida yana da 57, bayan shekara 39 yana hidima. Mahaƙurci mawadaci.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi da sunan. Da wani ne, washegari zai sa a sauke allo a rubuta nasa shi kaɗai. Shi kuwa sai ya bar sunan ubangidansa a gaba, ya liƙa nasa a baya. Haka sunan yake har yau. Akwai halacci a ciki, akwai kuma wayon kasuwa, domin sunan da malamai suka sani shekara hamsin ba abin zubarwa ba ne. Ya rayu har 1816, daga nan kamfanin ya ci gaba da tafiya a cikin zuriyarsa har hawa bakwai. Garin Gotingen ma bai manta da Anna ba, akwai titi da sunanta.

ABIN DA YA RIƘE SU

A ƙarni na 19 gidan ya kama wata dabara, wato jerin littattafan da ba ya ƙarewa. Wani malamin coci mai suna Heinrich August Wilhelm Meyer ya fara sharhin Sabon Alkawari na littafin Baibul, juzu'in sharhi na farko ya fito a 1832. Bayan ya mutu ba a rufe aikin ba, sai a ba wani malami ya sabunta wannan juzu'i, wani ya sake rubuta wancan, har zuwa zamaninmu. Ɗakin karatun da ya sayi na farko ba shi da zaɓi sai ya sayi na gaba. Ta haka gidan ya zama matattarar manyan masana addinin Kirista na ɓangaren Furotesta, irin su Hermann Gunkel da Rudolf Bultmann.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, ɗaya daga cikin jikokin gidan, Günther Ruprecht, ya ɗauki nauyin buga mujallar Junge Kirche, muryar malaman cocin da suka ƙi yarda gwamnati ta mallake musu coci. An yi ta takura mata har aka rufe ta a 1941. Sa'an nan ga yaƙi. A daren 4 ga Disambar 1943 jiragen yaƙi suka yi wa Leipzig ruwan bama-bamai, unguwar masu littattafai ta ƙone, miliyoyin littattafai suka zama toka. Gotingen kuwa ɓarnar da ta same ta kaɗan ce. Wannan kam ba dabarar kowa ba ce, ƙaddara ce.

Bayan yaƙi suka faɗaɗa zuwa tarihi, da ilmin halayyar ɗan Adam, da littattafan makaranta. Sabbin masana tarihi irin su Hans-Ulrich Wehler da Jürgen Kocka, masu cewa tarihi ba na sarakuna kaɗai ba ne har da na ma'aikata da talakawa, a nan suka kafa mujallarsu a 1975. Ba su kuma bar na gida ba, sun buga tarihin garin Gotingen a manyan juzu'i uku.

ƘARSHEN ZAMANIN IYALI

Ba zan ɓoye muku ƙarshen ba, domin komai ya yi farko yana da ƙarshe. Zamanin kwamfuta da intanet ya sauya kasuwar littattafan ilmi. Ɗakunan karatu na jami'o'i sun koma sayen littattafai da mujallu ta intanet a dunƙule daga manyan kamfanoni, matsakaicin kamfani kuwa sai ya girma ko a haɗiye shi. A 2017 suka haɗa da tsohon kamfanin Böhlau. A 2021 iyalan Ruprecht suka sayar wa kamfanin Brill na garin Leiden, wanda tarihinsa ya faro tun 1683, kuma shi ne mai buga shahararren kundin nan na ilmin Musulunci da jami'o'in Turai ke amfani da shi. A 2024 shi ma Brill ɗin ya haɗe da De Gruyter na Balin. Ikon Allah, Leiden a ƙasar Holan take. Abin da mutumin Holan ya kafa ya koma hannun mutanen Holan bayan shekara 286. Iyalin sun sauka, amma har yanzu littattafai na fita da sunayen nan biyu a bangonsu.

To 'yan uwa marubuta, ni abin da na tsinta a labarin nan ba kuɗin Turawa ba ne, don a 1750 babu wani abin kirki sai shago da mace mai takaba da yaro ɗan shekara 20. Abin da ya raba su da mai maɗaba'ata shi ne ranar da mutuwa ta zo akwai wanda ya san aikin, kuma aka bar shi ya yi. Mu a nan marubuci shi ne mai buga littafinsa, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa, shi ne mai bin bashi, duk lissafin yana cikin kansa. Matarsa ba ta san wa ke riƙe da kwafi nawa ba, yaron da ya yi shekara goma yana ɗaukar masa kaya ba a taɓa nuna masa littafin lissafi ba. Rabon gado haƙƙi ne da Allah Ya wajabta, babu mai ja da wannan, amma babu abin da ya hana mutum tun yana da rai ya yi wa sana'arsa rajista, ya rubuta komai, ya shigar da amintaccen yaronsa cikin hannun jari, yadda magada za su gaji kaso a abu mai rai maimakon kuɗin tsohon ƙarfe.

Ni dai na fara da kaina. Na samo wani tsohon kwafi na littafin nan na uku a hannun wata ƙawar ƙanwata, bangon ya yage, shafi biyu sun fita, ina sake buga shi a kwamfuta, shafukan da suka ɓata kuma ina ƙoƙarin tuno su. Na kuma sayi babban littafin lissafi, na zaunar da babbar 'yata ina nuna mata waye ke da me.

Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.