Tarihin Tsohon Katin Wi-Fi da Mutanen da Suka Ƙi a Jefar da Shi

Jama'a, tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, hankalin masu tsofaffin kwamfutoci bai kwanta ba. Windows 11 ba ta hawa yawancin na gwanjon da muke saya, sabuwa kuwa kuɗinta ya fi ƙarfin albashi. Ni ma abin ya shafe ni. Na zaro wata tsohuwar laftof da ta daɗe a ajiye don ɗiyata ta rubuta aikinta na kammala makaranta, na ɗora mata Linux. Komai ya tashi lafiya lau, ban da Wi-Fi. Sai da na kwana biyu ina fama kafin ya kama. A wajen neman mafitar ne na ci karo da wannan tarihi.

Katin Wi-Fi ba ya aiki sai da wata manhaja da ake kira direba, wadda ke tafinta tsakaninsa da kwamfuta. Wajen shekarar 2003, lokacin da Wi-Fi ya fara zama ruwan dare a laftof, yawancin kamfanonin da ke ƙera katunan Windows kawai suke rubuta wa direba. Bayanin yadda katin ke aiki kuma suka kulle a aljihu. Hujjarsu biyu ce: sirrin kasuwanci, da dokokin hukumomi irin su FCC ta Amurka, masu hana a bar kowa ya riƙa sauya zangon rediyo ko ƙarfinsa yadda ya ga dama. Wato ka sayi kaya da kuɗinka, amma makullin yana hannun wani.

Dabarar farko ita ce NDISwrapper, wadda Pontus Fuchs ya fara a 2003. Aikinta yaudara ce tsagwaronta: a ɗauko direban Windows XP, a shimfiɗa masa wuri cikin Linux har ya zaci a gida yake. Ta fitar da mutane da yawa kunya. Sai dai in direban ya yi tuntuɓe, kwamfutar gaba ɗaya takan sandare, kuma ba mai iya gyarawa tunda ba a ganin cikinsa.

Sai wasu masu sa-kai suka ce zaman aro ya isa. Kan katunan Broadcom, sun rabu gida biyu. Rukuni ɗaya ya kwance direban kamfanin yana nazari, yana rubuta bayanin yadda katin ke aiki. Rukuni na biyu, wanda bai taɓa leƙa direban kamfanin ba, ya rubuta sabo fil daga wannan bayani. An yi haka ne don kada a ce sun kwafi kayan wani. Direban ya shiga Linux a 2006 da sunan bcm43xx, a 2008 kuma b43 ya gaje shi.

Katunan Atheros ma haka. Direbansu MadWifi yana da wani ɓangare a rufe, sai Reyk Floeter na OpenBSD ya rubuta buɗaɗɗe a madadinsa. Daga aikin nasa aka samu ath5k, wanda ya shiga Linux a 2008. A shekarar ce Atheros da kansa ya saki buɗaɗɗen direba, ath9k. Broadcom ma ya bi sahu a Satumba 2010, amma don sababbin katunansa na lokacin. Kun ga dai sai da aka nuna wa kamfanonin za a iya ba tare da su ba, sannan suka sauko.

To amma da sauran rina a kaba. Bayan direba, katuna da yawa suna buƙatar wata 'yar manhaja da ake loda wa cikin katin kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Ta tsofaffin katunan Broadcom ba a ba da izinin rarraba ta ba, shi ya sa aka ƙirƙiro b43-fwcutter, wanda ke yanko ta daga direban kamfanin. Ga abin dariyar: kana buƙatar intanet kafin ka samu abin da zai ba ka intanet. Debian ma sai da mambobinta suka kaɗa ƙuri'a a 2022 kafin aka yarda a riƙa sa irin waɗannan rufaffun manhajoji cikin faifan girkawa, aka fara da Debian 12 a Yuni 2023.

In ka samu kanka a wannan hali, kada ka yi saurin cewa katin ya mutu. Buɗe tagar umarni ka rubuta lspci, za ta gaya maka sunan katin. Jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar intanet. In tsohon Broadcom ne kuma kana kan Debian ko Ubuntu, sau da yawa firmware-b43-installer ce maganin. In ya ƙi, ƙaramin katin USB mai araha ya wadatar.

Sai dai fa direba ma yana tsufa. A farkon 2024 an cire wasu direbobin katunan farko-farko daga Linux, irin su orinoco, saboda babu mai kula da su. Abin da ya rage da rai, wani ne ke ɗawainiyarsa, galibi kyauta.

Nan ne abin ya tsaya mini a rai. Kwamfutocin da Turai da Amurka suka gama yayinsu, mu ne muke saye, da su 'ya'yanmu ke karatu. Kenan mu muka fi kowa cin moriyar wahalar mutanen nan da ba su san mu ba. Muna yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta duk shekara. Me zai hana wani cikinsu ya ɗauki direba ɗaya ya riƙa kula da shi?

Ɗiyata dai ta kai babi na uku. Kafin ka sayar da taka wa 'yan gwangwan, gwada tukuna. Allah Ya saka wa waɗancan bayin nasa da alheri.