Cin Ranin Maginan Ifiros na Ƙasar Girka da Harshensu na Asiri

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi rayuwar maginan dutse na lardin Ifiros, a arewa maso yammacin ƙasar Girka, waɗanda suka daɗe suna fita cin rani tun lardin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta riƙe shi har 1913.

Dalilin Fita da Tsarinta

Ƙauyukansu, irin su Firsoyanni da Burbiyani a yankin Konitsa, suna bisa tsaunuka ne, noma ba ya ciyar da gida. Saboda haka maza kan haɗu ƙungiya-ƙungiya, wadda suke kira buluki, ƙarƙashin babban magini mai ƙulla ciniki da raba lada, tare da masassaƙan dutse da yara masu koyo da ke kora alfadarai. Ɗan cin rani a ƙasar Hausa yakan fita bayan kaka, ya dawo da faɗuwar damina. Su kuwa sukan tashi da wucewar sanyi, su komo kafin hunturu, domin ƙanƙara tana hana gini. Gona da tsofaffi da yara duk sai su zama a wuyan mata. Sun gina gidaje da majami'u da masallatai da gadoji, ciki har da gadar Konitsa ta 1870, kuma daga baya wasunsu sun kai Masar da Sudan da Amurka.

Harshe

Maginan sun ƙago wani zaurance mai suna kudaritika, wanda ya tsaya bisa nahawun Girkanci amma ya ari kalmomi daga Albaniyanci da Turkanci da harsunan Silabawa. Da shi suke tattauna farashi da halin mai aiki a gabansa ba tare da ya gane ba. Haka kuma kalmar kisenitiya, wato zaman baƙunci a ƙasar wasu, ta mamaye waƙoƙin lardin, inda ake kwatanta tafiyar da mutuwa.

Kammalawa

Yaƙin basasa na 1946 zuwa 1949 ya ɗaiɗaita ƙauyukan, sannan yarjejeniyar ƙwadago ta 1960 da Jamus ta Yamma ta janye matasa zuwa masana'antu. Da sana'ar ta ja baya, zaurancen ya rasa masu yinsa. Wannan ishara ce ga manazartanmu su hanzarta tattara kalmomin maƙera da mahauta da masunta tun masu su suna raye.