El Anatsui: mutumin da ya saƙa tarihi da marufan kwalba

1/ Makon jiya malaminmu na tarihi ya nuna mana hoton wani abu kamar ƙaton zani mai ƙyalli rataye a bango. Na ɗauka zinare ne. Ashe marufan kwalba ne! Na je na binciko wanda ya yi shi. Ku biyo ni 🧵

2/ Sunansa El Anatsui. An haife shi a 1944 a garin Anyako da ke yankin Volta a Ghana. Ya karanci sassaƙa a Kumasi, a 1975 ya zo koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. Sai 2011 ya yi ritaya.

3/ Da katako da yumɓu ya fara. Yakan sassaƙa itace da zarto mai inji, ya babbake shi da wuta.

4/ Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhu cike da marufan kwalaben giya da aka yar. Shi da mataimakansa sukan daddaƙe su, su huda, su ɗinke dubbai da wayar jan ƙarfe har su zama kamar yadi.

5/ Na san wani zai ce, giya kuma? To nan tarihin yake. Turawa sun riƙa kawo barasa gaɓar Afirka ta Yamma suna musayarta da bayi. Bayin su noma rake a tsibiran Karebiyan, a yi wata giyar da raken, a sake dawo da ita. Murfin nan ɗan ƙarami wannan labarin yake tunasarwa.

6/ A 2007 aikinsa ya ja hankalin duniya a baje kolin fasaha na Venice a Italiya. A 2015 can suka ba shi kyautar Zakin Zinare. A 2023 ya cika babban zauren Tate Modern na Landan da aikinsa.

7/ Wani abin burgewa: ba ya tilasta yadda za a rataye aikin. Kowane gidan tarihi ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama.

8/ Abin da ya dame ni shi ne, shekara 36 mutumin nan yana koyarwa a ƙasar nan, amma ni ɗalibin tarihi sai makon jiya na ji sunansa. Ku fa, tsakani da Allah, wa ya taɓa jin sa kafin yau?