Kan Sarki: Fuskokin Masu Mulki a Bayan Wasiƙunmu

Bahaushe bai sha wahala ba wajen raɗa wa 'yar takardar nan da ake mannawa a bayan ambulan suna. Ya duba, ya ga kan mutum an yanke shi daidai wuya, aka ce masa ai Sarkin Ingila ne, sai ya ce to, kan sarki ke nan. Sunan ya bi ta har yau, ko da hoton giwa ne a jiki ko na gada. Abin da nake so malamai da dattawa su lura da shi a wannan maƙala shi ne, kan da muka yi shekara sittin muna lasa muna mannawa ba kasafai yake kama da mai shi ba. Hukuma ce ke zaɓar fuskar da take so talakawa su gani.

Asalin abin daga Ingila yake. A watan Mayu na 1840 aka fara amfani da kan sarki na farko a duniya, baƙi ne, na kwabo ɗaya, bisa shawarar wani malami mai suna Rowland Hill. An sa masa kan Sarauniya Biktoriya ta gefe, an kwaikwayo shi daga wata lambar girma da William Wyon ya sassaƙa, shi kuwa ya yi aiki ne da zanen da aka yi mata tana 'yar shekara 15. An zaɓi fuska ne da dalili, domin idon ɗan Adam yana saurin gane canji a fuskar da ya saba gani, saboda haka mai buga na jabu zai sha wuya. Sarauniya ta yi aure, ta haifi 'ya'ya tara, mijinta ya rasu a 1861, ta tsufa ta yi jiki, amma a kan sarkin Ingila tana nan budurwa har ta bar duniya a watan Janairu na 1901.

Wannan fuskar ta ƙuruciya ce aka kawo mana. Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, kuma a cikin shekarar aka fito da kan sarki mai ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga, da wata dabara ta rage kuɗi: faranti ɗaya ne mai kan Sarauniya ake buga wa ƙasashe da dama da ke ƙarƙashin Ingila, sa'an nan a sake bi da wani faranti a sa sunan ƙasa da farashi. Wato matar da aka nuna mai dogon wuya da santsin kumatu, a lokacin ta kai shekara 80 da haihuwa. Sa'an nan ƙasar da aka rubuta sunanta a jikin takardar ba ta shiga hannu ba tukuna. Sarkin Kano Alu yana kan gadonsa, Sakkwato tana nan da ikonta, Turawa kuwa suna bakin Kwara da Binuwai, wajen Lakwaja da Jabba. Sai a Fabrairun 1903 aka ci Kano, Sakkwato a watan Maris, shekara biyu bayan rasuwar Biktoriya. Ashe kan sarkin ya yi mata kwalliya biyu, ya rage mata shekaru, ya kuma ƙara mata ƙasa.

Mutanen bakin teku su kam sun ga gaskiyar lamarin. Kan sarkin da aka yi wa yankin Neja Kos a 1894, da na Nijeriya ta Kudu na 1901, sun nuna ta a tsohuwarta, da mayafin takaba a ka. Ni a ganina waɗannan sun fi kwarjini nesa ba kusa ba, domin tsufa ba abin kunya ba ne ga mai mulki. Na Kudun ma bai fito ba sai bayan da aka binne ta.

Kan da Kanawa suka fara gani sosai na ɗanta ne, Edward na Bakwai, mai sanƙo da gemu, wanda aka fara bugawa a 1902. Shi ba a ɓoye sanƙonsa ba, sai dai an rataya kambi a samansa. A zamaninsa ne, a 1904, aka buga wa Arewa wani kan sarki na fam 25, kuɗin da babu wasiƙar da za ta ci shi, yau kuwa yana cikin waɗanda masu tara kan sarki ke nema ruwa a jallo.

Wanda abin ya ɓata wa rai shi ne Joji na Biyar. Ranar da aka naɗa shi, 22 ga Yuni 1911, gidan waya na Ingila ya fito da kan sarkin da aka ɗauko daga hoton kyamara na masu hoto W. & D. Downey, fuskar ta ɗan karkato, ba ta gefe sosai ba. Da aka sassaƙa shi a ƙarfe aka buga, sai gashi da gemu suka cakuɗe da tawada, idanu suka dushe. Jaridu suka yi ca, Sarki kansa bai ji daɗi ba, ga shi kuwa duk Ingila da wuya a sami wanda ya fi shi son tara kan sarki. Aka yi ta gyara faranti, abin bai yi ba, a 1912 aka watsar aka koma ga kai ta gefe, aikin Bertram Mackennal. Hoto na gaskiya ne ya jawo wannan tsiya, sassaƙar da aka gyara ta share hawaye. Mu nan wancan mummunan bai iso mu ba. Na gefen muka samu a 1912, shi ne kuma aka ci gaba da shi bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914.

A 1936 aka fara sa hotunan ƙasa tare da kan Sarki a gefe. Na sisi yana ɗauke da hasumiyar Gobarau ta Katsina, na sule kuma shanun Fulani. An nuna gininmu da dabbobinmu, daga baya a 1953 aka nuna mahayan Barno a na kwabo da gyaɗa a na ahu, amma duk tsawon mulkin Turawa ba a sa fuskar wani sarki namu ba. Ban ɗauki wannan asara ba. Sarakunanmu suna da nasu tsari tun kafin zuwan Bature: wasiƙar Sarkin Musulmi ko ta Shehun Barno da hatimi ake gane ta, suna ne a jiki, ba fuska ba. Sarki kuma idan ya fito amawali ne a bakinsa, talaka ba ya ƙare masa kallo. Inda Bature ya ga girma a yaɗa fuskar mai mulki ta shiga kowane aljihu, mu rufe ta muka ɗauka girma. Duk wanda ya yi aikin ofis irin namu ya san abin da ake yi wa kan sarki: a lasa, a danna da babban yatsa, akawu ya ratsa sa hannu a kansa a jikin rasit, ma'aikacin gidan waya ya kawo hatimi ya doka masa a kunci. Wane Sarkin Yanka ne zai yarda a yi wa fuskarsa haka?

Sarauniya Elizabeth, wadda aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956, ta bi sawun Biktoriya. Kan da Arnold Machin ya sassaƙa mata, wanda ya fara fitowa a 1967 tana da shekara 41, shi aka yi ta bugawa a kan sarkin yau da kullum na Ingila har ta rasu a 2022 tana da 96, alhali a jikin kwabbai an sake mata hoto sau da dama tana manyanta. Ɗanta Charles da ya gaje ta, kan sarkinsa na 2023 ya fito ba kambi.

Da guguwar 'yanci ta taso, shugabannin Afirka sun fahimci amfanin wannan 'yar takarda. Kwame Nkrumah ya sa kansa a kan sarkin Gana tun 1957, 'yan hamayya suka yi ta ƙorafi cewa ya mai da kansa sarki. Arewa ta bi wata hanyar. Da aka sami mulkin kai na Jihar Arewa a 1959, gine-gine aka sa, Zauren Lugga na Kaduna a na taro, Masallacin Juma'a na Kano a na sule. Dokta Nnamdi Azikiwe ya bayyana a 1963 da ƙasa ta zama jamhuriya, a 1964 kuma aka sake fito da shi tare da Herbert Macaulay da Jaja na Opobo, sarkin da Turawa suka kama suka kora daga ƙasarsa a 1887.

Guda biyu na zamanin soja sun isa a ajiye su gefe da gefe. A 1969 aka buga kan sarkin bikin auren Janar Yakubu Gowon da amaryarsa Victoria, ango da amarya cikin fara'a. Hoton ya yi kyau, ba a musu, sai dai lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa, kuma da yawa daga wasiƙun da aka manna wa shi na iyaye ne masu neman labarin 'ya'yansu a bakin daga. Na biyun na marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ne, Allah ya jiƙansa. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi yana mulki, aka kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976 yana da shekara 37, bai taɓa ganin fuskarsa a bayan ambulan ba. Bayan shekara guda, a 1977, aka fito da kan sarkin tunawa da shi, a shekarar ce kuma aka sa hotonsa a takardar naira ashirin, wadda mutanen Kano har yau wasu ke kira 'yar Murtala.